Ilimin da ba shi da isnadi: ƙirƙirarriyar basira a wurin aiki da ɗakin karatu

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, ɗan yayata da ke shekarar ƙarshe a jami'a ya kawo mini babi na biyu na kundin bincikensa in duba masa kafin ya miƙa wa malaminsa. Binciken a kan cinikin hatsi ne a kasuwannin ƙauye. Na soma karantawa, Turancin ya kwanta luf, babu tuntuɓe ko ɗaya, jimla na bin jimla kamar an jera tubali. Na san yaron, na kuma san irin Turancin da yake rubutawa da hannunsa, don haka ban ce masa komai ba, na wuce kai tsaye zuwa jerin littattafai da maƙalun da ya ce ya dogara da su. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina nema. Huɗu daga ciki babu su a duniya. Sunan marubucin na gaske ne, mujallar ma akwai ta, ga shekara ga lambar shafi, amma ita maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba.

Da na nuna masa, idonsa ya raina fata. Ya ce, "Kawu, wallahi ban ƙirƙiri ko ɗaya ba. Manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira na tambaya, haka ta ba ni." Na yarda da shi, domin na san gaskiya ya faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bai taɓa kawowa a ransa cewa abin da ya fito daga na'ura, a tsare, da shekara da shafi, zai iya zama ƙagagge ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne.

Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake tambaya ta amsa, ranar 30 ga Nuwamba, 2022, kuma cikin wata biyu aka ƙiyasta masu amfani da ita sun kai miliyan 100. Google ya biyo baya da Bard, wadda daga baya aka sauya wa suna Gemini, Anthropic ya fito da Claude, Microsoft ya fito da Copilot, wani kamfanin China ya fito da DeepSeek. Amma a wurinmu ranar da abin ya shigo gida sosai ita ce a watan Afrilun 2024, lokacin da kamfanin Meta ya saka tasa manhajar a cikin WhatsApp a ƙasashe da dama, har da Najeriya da Ghana. Daga ranar ba ka buƙatar sauke komai ko yin rajista. Mai sayar da atamfa, da ɗan acaɓa, da malamar firamare, duk wanda ke da WhatsApp ya wayi gari da wani da'ira a fuskar wayarsa yana jiran tambaya. An ba mutane kayan aiki, ba a gaya musu yadda yake aiki ba.

To yaya yake aiki? In na ce maka, "Komai nisan jifa," bakinka zai ƙarasa da "ƙasa zai faɗo" tun kafin ka yi tunani. In na ce, "Haƙuri maganin," ka ce "zaman duniya." Ba lissafi ka yi ba, kunnenka ne ya saba da cewa waɗannan kalmomi tare suke tafiya. Wannan shi ne ainihin aikin waɗannan manhajoji, sai dai a wani mizani da hankali ba ya iya ɗauka. An ɗura musu rubutu mai ɗimbin yawa daga intanet da littattafai da jaridu, aka horar da su a kan abu ɗaya: ga kalmomin da suka gabata, wace ce ta fi dacewa ta biyo baya? Dabarar da ta sa hakan ya yiwu ta fito ne daga wani bincike da ma'aikatan Google suka wallafa a 2017. Bayan wannan horo na farko sai a sa mutane su riƙa duba amsoshi suna cewa wannan ta fi waccan, har manhajar ta koyi amsawa cikin ladabi da tsari, kamar mai ilimin da ya natsu.

Kada a raina wannan. Don ka iya hasashen kalma ta gaba a cikin bayanin likita ko hukuncin alƙali, dole ka kama abubuwa da yawa game da likitanci da shari'a, kuma manhajojin sun kama. Shi ya sa mafi yawan lokaci amsarsu daidai ce. Matsalar tana nan: hanyar da take bi ta samar da amsar gaskiya ita ce dai hanyar da take bi ta samar da ta ƙarya. Da ɗan yayata ya nemi maƙaloli a kan cinikin hatsi, ba ɗakin karatu ta shiga ta leƙa kantocin littattafai ba. Ta san yadda sunan maƙala yake kama, ta san sunayen da suka saba fitowa kusa da wannan fanni, sai ta haɗa abin da ya yi kama da gaskiya. Mutum in zai yi ƙarya muryarsa kan rawa, ko ya sunkuyar da kai, ko ya yi in-ina. Ita murya ɗaya gare ta, da ta sani da ba ta sani ba.

Har gogaggu sun faɗa wannan rami. A 2023, a wata shari'a da wani fasinja ya shigar kan kamfanin jiragen sama na Avianca a kotun tarayya da ke New York, lauyoyinsa sun gabatar da takarda da ta kafa hujja da hukunce-hukunce shida na baya. Ɗaya ɓangaren ya nema bai same su ba, alƙali ya nema bai same su ba. Ashe ChatGPT ce ta ƙirƙire su, har da sunayen alƙalai da abin da suka faɗa. Lauyan da ya yi binciken ya fi shekara 30 yana aiki, kuma da ya yi shakka, manhajar ya koma ya tambaya ko hukunce-hukuncen na gaske ne, ta ce masa na gaske ne. A watan Yunin shekarar kotu ta ci su tarar dala 5,000. Gaskiya ne sababbin manhajojin yanzu suna iya shiga intanet su nemo shafi su manna maka adireshinsa, kuma hakan ya rage ɓarnar sosai. Amma sai ka buɗe shafin da kanka ka ga ko abin da aka ce ya faɗa shi ya faɗa, domin sau da yawa shafin na nan, maganar da aka jingina masa ce babu.

Mu da muka taso a zauren malamai muna da tsohon magani ga wannan cuta. In ɗalibi ya kawo magana, tambayar farko ita ce, "Wa ya faɗa? A wane littafi? A wurin wa ka karanta?" A gabatarwar Sahihu Muslim an kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana cikin addini, kuma ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malaman hadisi sun kwashe ƙarnoni suna gina ilimin tantance mai ruwaya: wa ya ji daga wa, shin sun yi zamani ɗaya, haddarsa mai ƙarfi ce ko mai rauni. Daɗin lafazi bai taɓa zama hujja a wurinsu ba, don sun san ƙagaggen hadisi yakan fi na gaske zaƙi a kunne. A ganina babu al'ummar da ta fi mu dacewa da ta gane wannan fasaha da wuri, domin ita mai ruwaya ce mai faɗin karatu da zaƙin baki, wadda ba ta riƙe sarƙar waɗanda ta ji daga gare su ba. Yana ba ni takaici in ga matashi ya tambayi manhaja hukuncin saki, ko rabon gado, ko ingancin wani hadisi, ya kwafa ya watsa a zaurukan WhatsApp, alhali da wani baƙo ne ya tare shi a tasha ya gaya masa hakan, da ya tambaye shi a wurin wa ya yi karatu.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a guje ta. Ina amfani da ita kusan kullum, kuma na ga inda take sauke wa mutum nauyi. A 2023 wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT a Amurka sun gwada ma'aikata 453 da ayyukan rubutu na ofis, irin su wasiƙa da gajeren rahoto da sanarwar manema labarai. Waɗanda aka ba ChatGPT lokacin aikinsu ya ragu da kashi 40 cikin 100, ingancinsa kuma ya ƙaru da kashi 18. Waɗanda suka fi cin moriya su ne masu raunin rubutu tun asali. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mutum nawa ne a cikinmu suka san aikinsu ciki da bai, amma takardar neman aiki ko ta neman tallafi ta kayar da su saboda Turanci ko Faransanci? Makaniki da ya san injin fiye da wanda ya ƙera shi, in aka ce ya rubuta takardar farashi ga wani kamfani sai ya nufi shagon masu buga takardu. Yau zai iya faɗin abin da yake so da kalmominsa, a tsara masa, ya karanta ya ga ko kuɗin da kayan da aka lissafa nasa ne. Malamar da ke da aji mai yara fiye da ɗari za ta iya samun tambayoyin gwaji iri uku a kan darasi ɗaya cikin minti kaɗan. Ma'aikacin da aka jibga wa rahoto mai shafi tamanin zai iya neman a fito masa da ƙashin bayansa kafin ya zauna karantawa.

In ka lura, abu ɗaya ya haɗa waɗannan misalai. A kowanne, mai tambayar ya fi manhajar sanin gaskiyar lamarin. Makanikin ya san farashinsa, malamar ta san darasinta, rahoton yana hannun ma'aikacin. Abin da suka nema shi ne tsari da lafazi da sauri, kuma in ta kauce za su gani nan take. Hatsarin yana farawa ne inda ka tambaye ta abin da ba ka da hanyar tantancewa. Wani bincike da masana daga Harvard da wasu jami'o'i suka yi da ma'aikata 758 na kamfanin ba da shawara na Boston Consulting Group ya nuna haka ƙarara: a ayyukan da manhajar ta ƙware a kai, masu amfani da ita sun fi sauri sun fi inganci, amma da aka ba su wani aiki da aka tsara shi don ya wuce iyawarta, su ne suka fi faɗawa kuskure fiye da waɗanda suka yi da kansu. Kuma a ido ayyukan biyu ba su da bambancin wahala. Iyakar iyawarta ba miƙaƙƙiyar katanga ba ce da za ka hango. Za ta warware maka tambayar jami'a, sannan ta yi tuntuɓe a lissafin da ɗan aji huɗu zai yi. Don haka awon maganin yaro, ko lissafin kuɗin mutane, ko abin da doka ta ce game da fili, ba wuraren da za a tsaya a kan amsarta ba ne.

Batun karatu ya fi na aiki sarƙaƙiya, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. Ma'aikaci takarda yake so ta fito. Ɗalibi kuwa ba takardar ake nema a wurinsa ba, shi kansa ake ginawa. Malamin da ya ba da aikin gida ba ƙarancin amsoshi ke damunsa ba, so yake yaron ya yi gumi a kan tambayar har wani abu ya buɗe a kansa. A makarantar allo kowa ya san ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ba wanda zai iya yi maka tilawa a madadinka.

Wasu masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania sun gwada wannan a wata sakandare a Turkiyya da ɗalibai kusan 1,000 a darasin lissafi. Suka raba su uku. Rukuni na farko littafi da alƙalami kawai. Na biyu aka ba su manhaja irin ChatGPT yadda take. Na uku aka ba su wadda aka saita ta ta riƙa ba da haske mataki-mataki ba tare da ta faɗi amsa ba. A lokacin atisaye rukuni na biyu sun zarce na farko da kashi 48 cikin 100, na uku kuma da kashi 127. Sai aka karɓe na'urorin aka yi jarrabawa. Rukuni na biyu suka faɗo ƙasa da waɗanda ba su taɓa amfani da manhajar ba, da kashi 17. Na uku ba su cutu ba, amma ba su yi wa na farko wani nisa ba. Mafi yawan abin da yaran rukuni na biyu suka riƙa rubuta wa manhajar shi ne, mece ce amsar. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma abin tausayin shi ne yaran sun fito suna jin sun iya.

Ga kuma abin da ya faru a Benin, babban birnin Jihar Edo, a watannin Yuni da Yulin 2024. Bankin Duniya tare da gwamnatin jihar sun shirya darasin Turanci na bayan tashi daga makaranta na mako shida ga ɗaliban ajin farko na babbar sakandare, kusan 800. Yaran suna zama biyu-biyu a gaban kwamfuta suna aiki da Copilot, malami na tsaye a kansu. Shi ke buɗe darasi, shi ke ba da tambayoyin farko da aka tsara don su sa yaro tunani, shi ke jan hankalinsu in manhajar ta yi kuskure. Ga damina, ga ɗaukewar wuta da ta intanet, amma sakamakon ya nuna ci gaban da masu binciken suka kwatanta da na kusan shekara biyu na karatun da aka saba. Wannan kwatance yana faɗin wani abu mai ɗaci game da yadda karatun da aka saba yake tafiyar hawainiya a makarantunmu na gwamnati, kuma gwaji ɗaya na mako shida ba ya zama hukunci. Sai dai in ka ajiye shi kusa da na Turkiyya, za ka ga fasaha kusan ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne wa ke gumin, yaron ko na'urar, da kuma ko akwai malami a ɗakin.

Saboda haka abin da nake gaya wa ɗaliban da ke kusa da ni ke nan. Ka fara gwadawa da kanka, ko da abin da za ka rubuta ya fito a karkace, sannan ka nuna mata ka ce ta nuna maka inda hujjarka ta yi rauni. Ka ce mata ta yi maka tambayoyi a kan babin da ka karanta, kada ta ba ka amsa sai ka gwada. In ba ka gane bayanin malami ba, ka ce ta sake maka shi da misalin kasuwa ko na gona, sau biyar ma in ka so, ba ta gajiya ba ta tsawa, kuma wannan babbar ni'ima ce ga yaron da ke jin kunyar ɗaga hannu a aji. In kun gama, ka kife wayar ka bayyana wa abokinka abin da baki. In ka kasa, karatu bai zauna ba.

Malamai ma suna da nasu jarrabawar. Da yawa sun koma ga manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura, suna yanke wa ɗalibi hukunci da lambar da suka nuna. Wannan zalunci ne da ake yi da kyakkyawar niyya. OpenAI da kansa ya fito da irin wannan manhaja a farkon 2023, ya janye ta a watan Yuli saboda yawan kuskurenta. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irinsu guda bakwai da rubuce-rubuce 91 na ɗaliban da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, sai a matsakaici suka ce kashi 61 cikin 100 na'ura ce ta rubuta, alhali mutane ne. Dalili shi ne wanda ya koyi harshe a makaranta yakan yi amfani da kalmomi sanannu da jimloli masu sauƙi, su kuma manhajojin wannan suke ɗauka alamar na'ura. Ɗanmu ke nan. Hanyar da ta fi adalci tsohuwa ce, a kira ɗalibi ya biya karatunsa: me kake nufi da wannan sakin layi, ina ka samo wannan adadi. Minti biyar sun isa. Na san malamin da ke da ɗalibai ɗari huɗu zai ce ina lokacin, kuma yana da gaskiya, amma wannan matsalar cunkoso ce da ta riga fasahar zuwa.

Sai kuma harshenmu. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara tun Disamban 2013, kuma manyan manhajojin yanzu suna amsawa da Hausa har ka yi mamaki. Amma tun da abin da suka karanta shi suke mayarwa, kuma rubutun Hausa a intanet ɗigo ne a kusa da na Turanci, Hausarsu takan fito da ƙashin Turanci a ciki. Sukan rikita "ya" da "ta", su zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ har ma'ana ta sauya, su ƙago karin maganar da babu Bahaushen da ya taɓa ji. Tambaya ɗaya in ka yi ta da Turanci ko Faransanci amsar takan fi zurfi da inganci, wato wanda ya fi buƙatar taimako, wanda Hausa kaɗai yake ji, shi ke samun mafi raunin amsa kuma shi ne mafi ƙarancin hanyar tantance ta. Dukiyar iliminmu mai yawa tana cikin rubutun ajami da ba a mayar da shi na'ura ba, da bakin dattawa, da rumbunan gidajen rediyo. Akwai masu ƙoƙari, irin su gungun masu bincike na Masakhane da suka taso a 2019 don harsunan Afirka, da matasanmu da ke tara bayanan Hausa a jami'o'i. Abin da nake roƙon masu shafukan labarai shi ne su daina zuba fassarar na'ura ba gyara, domin wannan gurɓatacciyar Hausa ita manhajojin gobe za su karanta su ɗauka ita ce Hausa.

Abu na ƙarshe gajere ne. Duk abin da ka rubuta mata yana tafiya ne rumbun wani kamfani a wata ƙasa, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki bayan wasu sun zuba sirrin kamfanin a ciki. A shekarar ce kuma Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a. Lambar NIN da BVN, da sakamakon gwajin majiyyaci, da takardun ofis, da sirrin auren wani, amanar mutane ce, a cire suna da lamba kafin a manna.

Ɗan yayata ya koma ɗakin karatu na jami'arsu, ya kwashe mako biyu yana neman maƙalun gaske. Ya samu ƙasa da yawan waɗanda ya fara kawowa, amma kowace ya riƙe ta a hannu ya karanta. Ya kuma je kasuwar hatsi sau biyu ya zauna da dillalai, ya dawo da bayanin yadda ake ba manomi bashi tun shuka na kore a karɓi buhu da kaka, abin da babu shi a rubutunsa na farko ko kaɗan. Da ya gama rubutawa da kansa, ya ba manhajar ta gyara masa nahawu, muka zauna tare muna duba gyaran layi-layi. Wuri biyu ta sauya masa ma'ana, shi ya fara ganin su kafin ni, ya mayar da kalmominsa.